Ƙawar Khairat ta Agwada

Nasiha tana tsakar gida tana tankaɗe garin masara da safiyar Asabar sai ta ji ihun 'yarta daga ɗaki, irin ihun wanda kunama ta harba. Ta yar da rariya ta ruga. Ta tarar da Khairat zaune a bakin katifa, waya a hannu, hawaye na ɗiga a kan gilashin.

"Mama, sun rufe mini shafina! Duk karatuna ya tafi!"

Nasiha ta karɓi wayar. Inda ta saba ganin fuskar Khairat cikin farin hijabi, yau babu komai sai dogon rubutu da Turanci, haruffansa ƙanana kamar jerin tururuwa. Turancinta na gaisuwa ne da cefane, bai kai nan ba.

Ita da kanta ta buɗe wannan shafi bara, bayan Khairat ta zo ta ɗaya a musabaƙar Islamiyyarsu ta Angwan Iya. Dangi suna ta neman bidiyon, sai ta kai wayar rumfar mai gyaran waya a bakin kasuwa. Mutumin ya tambayi shekarar haihuwa, da ya ji sha ɗaya ya girgiza kai. "Ba sa karɓar yara, Hajiya. Sai dai a sa taki. Kowa haka yake yi." Ta ba shi tata ba tare da ta tsaya tunani ba. Cikin shekara guda mabiya suka cika maƙil, har a gidan suna akan nuna ta a ce ga uwar mai ƙira'ar nan.

Mijinta Abubakar Sadiq ya shigo yana goge baki da asuwaki. Ya dubi layin farko na rubutun ya miƙa mata wayar.

"Ai dama na sani. Karatun Alƙur'ani ne ba sa so. Da rawa take yi da ba wanda zai taɓa ta."

"Ko kuma wani ya kai ƙararta," in ji Nasiha a hankali. "Khairat, ke da wa kuka yi faɗa?"

Yarinyar ta ja majina. "Febi ce ta ce ina ji da kaina, wai wata rana sai an rufe shafin."

Febi 'yar maƙwabciyarsu Caroline ce, ajinsu ɗaya da Khairat. Ran Nasiha ya riga ya tsallaka katanga.

Ana cikin haka aka yi sallama. Mijinyawa ne, ɗan wan mahaifin Abubakar, wanda yara ke kira Baffa. Tun da aikin Abubakar ya koma Abuja yake fita da asuba, Mijinyawa ne ke kai Khairat makaranta a unguwar Yara cikin motarsa kowace safiya, bai taɓa fashi ba.

"Amarya, wa ya mutu?" Haka yake kiran Nasiha, shekara goma sha huɗu bayan biki.

Aka ba shi labari. Ya tafa hannu yana dariya. "Ashe ba ni kaɗai ba ne! Ni ma na tashi na ga nawa a rufe."

"Naka kuma?" in ji Abubakar. "Ba yanzu na ga ka sa wa'azin Juma'a ba?"

Mijinyawa ya ɗan tsaya, ya gyara hularsa. "A'a, wani ne daban. Na harkar kasuwa." Ya juya ga Khairat. "Share hawayenki, 'yar Baffa. Ranar Litinin in mun fita sai in buɗe miki sabo."

* * *

Bayan azahar Nasiha ta zura hijabi ta shiga gidan Caroline, wayar a damƙe a hannunta. Shekara tara suna maƙwabtaka, tuwon salla na shiga can, shinkafar Kirsimeti na shigowa nan. Yau ko zama ba ta yi ba.

"Maman Febi, ki tambayi 'yarki abin da muka yi mata."

Caroline tana tsince wake a faranti. Tsohuwar malamar firamare ce, ba a cika ganin ta cikin gaggawa ba. Ta ɗaga kai ta dubi maƙwabciyarta.

"To, sannu da zuwa tukuna. Me ya faru?"

Nasiha ta zayyana mata. Caroline ta kira Febi. Yarinyar ta rantse har da kuka cewa baki kawai ta yi, ita ko waya ba ta da ita.

"Kawo in gani," in ji Caroline. Ta sa tabarau, ta karanta a hankali tana bin layi da yatsa kamar mai duba jarrabawa. "Ba wanda ya kai ƙara, Maman Khairat. Sun ce shafin na mace mai shekara talatin da biyar ne a rubuce, amma fuska da murya na ƙaramar yarinya ne. Wa ya sa talatin da biyar?"

Nasiha ta sunkuyar da kai.

Caroline ta ci gaba da karantawa. Can yatsanta ya tsaya. Ta cire tabarau ta ce wa Febi ta je ta duba tukunya, ta jira har yarinyar ta shige.

"Zauna."

Wannan karon Nasiha ta zauna.

"Akwai na biyu a ƙasa. Sun ce akwai wani shafi da ke yawan aiko wa wannan saƙo, shi ma sun cire shi. Wai sun gano ba yarinya ba ce kamar yadda aka rubuta. Babban mutum ne, yana neman hotuna wurin yara. Ga sunan nan, Mu'mina Agwada. Kin san ta?"

Ta san sunan. Sau nawa ta ji Khairat na cewa Mu'mina ta ce kaza, Mu'mina ta yaba kaza? Har ta taɓa cewa a gaishe ta.

"Ki yafe mini, Maman Febi," ta ce da ƙyar.

"Bar wannan, ba shi ne a gabanmu ba. Je ki tambayi yarinya. Amma don Allah kada ki ɗaga mata murya. Na koyar shekara talatin, in ka yi wa yaro tsawa ƙofar ta rufe ke nan."

* * *

Da ta koma gida, Nasiha ta zaunar da Khairat a gabanta ta ce za ta tsefe mata kai. Ta fi son kada su haɗa ido.

"Wannan ƙawar taki ta Agwada, kun taɓa haɗuwa?"

"A'a. Babanta ba ya barin ta fita."

"Kun taɓa magana da murya?"

"Ta ce makirfon ɗin wayarta ya lalace. Rubutu kawai muke yi."

"Me kuke cewa?"

"Komai. Tana da kirki, Mama. Ita ce ke fara yaba karatuna." Khairat ta ƙara da ƙaramar murya, "Wani lokaci takan ce in tura mata hoton kitsona."

Hannun Nasiha ya tsaya a kan kan yarinyar. Ta tilasta masa ya ci gaba.

"Kin tura?"

"Sau biyu. Ai mace ce. Amma da ta ce in tura wani iri ban tura ba, na ce ina jin kunya. Sai ta yi fushi kwana uku."

"Allah ya yi miki albarka. Ba ki yi laifi ba, kin ji? Ta yaya ta san kin yi sabon kitso?"

"Ni ma na yi mamaki. Ranar da aka yi mini shuku, ina shigowa gida ta rubuto wai ta ji an yi mini shuku. Ta ce a mafarki ta gani." Khairat ta yi 'yar dariya. "Kuma kullum da na dawo makaranta sai in tarar ta rubuto tun safe, wai na yi kyau yau, ko takan ce me ya sa na ɓata rai."

Nasiha ta tuna ranar shukun. Ruwa ake yi. Ta rasa mai kai yarinyar gidan mai kitso, sai ta buga wa Mijinyawa, shi ya kai ta ya dawo da ita. A bakin ƙofa har ya tambaya wane iri aka yi, ita Nasiha ta amsa masa da bakinta.

Maganarsa ta safe ta dawo mata: wani ne daban. Na harkar kasuwa.

Ta kori tunanin, ya dawo. Ta yi istigfari. Mutumin da ya yi wa Khairat huɗuba ranar da aka haife ta, Abubakar yana kan hanya? Mutumin da ke jan salla in liman ya yi tafiya? Ai mutane dubbai aka rufe wa shafi, rediyo ma ta faɗa. Ɗazun nan ta zargi yarinyar da ba ta ji ba ba ta gani ba. Amma wace kasuwa Mijinyawa yake yi, shi da ke aiki a sakatariya?

"Baffa yana yi miki wata magana a mota?"

"A'a. Sai dai yakan ce in dawo gaba, baya akwai zafi."

Nasiha ta ɗauki wayar ta shiga lalube, ko saƙo ɗaya ya rage, ko hoto, ko lamba. Babu. Waɗanda suka rufe shafin sun share shi tas, har da abin da za ta iya nuna wa wani.

* * *

Sai Lahadi bayan la'asar ta samu Abubakar shi kaɗai, yana goge takalman aiki. Ta jera masa komai dalla-dalla, ba ta ƙara ba ta rage ba. Da ta kai kan hotunan kitso ya ajiye burushi, idonsa ya kaɗa. Da ta ambaci Mijinyawa ya miƙe tsaye.

"Kin san abin da kike faɗa kuwa?"

"Ban ce shi ba ne, Baban Khairat. Na ce ka tambaye shi wane shafi aka rufe masa."

"In tambaye shi? Da wane baki? Kina da shaida?"

"Sun goge komai."

"To! Jiya Febi ce, yau ɗan'uwana. Gobe kuma sai ni." Ya rage murya, ya dubi ƙofa. "Ki yi tunani. In maganar nan ta fita, sunan wa za a riƙa kira a Angwan Iya? Nasa? Na yarinyar nan za a kira, har ranar aurenta. Kuma wa ya buɗe mata shafin tun farko?"

Wannan ta soke ta, don gaskiya ce.

"Ni ce," ta ce. "Shi ya sa ba zan ƙara yin wani kuskuren ba. Gobe wa zai kai ta makaranta?"

Abubakar ya koma ya zauna. Ya daɗe yana kallon takalmin da ke hannunsa. Ta ga shakka ta ratsa fuskarsa, ta ga kuma yadda ya haɗiye ta.

"Ki bar ni in yi tunani," ya ce.

Da asubar Litinin ya fita neman motar Abuja bai sake tayar da maganar ba.

* * *

Ƙarfe bakwai daidai hon ɗin motar Mijinyawa ya yi kuka a ƙofar gida, sau biyu kamar kullum. Khairat ta saɓa jaka za ta ruga, Nasiha ta riƙe hannunta. Suka fito tare. Caroline na tsaye a ƙofarta da Febi, cikin shiri, kamar dama haka suka saba.

Mijinyawa ya sauke gilashi. Ya riga ya buɗe ƙofar gaba.

"Amarya, ina zuwa da sassafe?"

"Makaranta. Daga yau ni zan riƙa kai ta, Baffa. An gode da ɗawainiya."

"Da ƙafa har Yara? Laifin me na yi?"

Ta dube shi sosai, tana neman wani abu a fuskarsa, ko tsoro ko kunya. Ba ta ga komai ba sai murmushin da ta sani shekara goma sha huɗu.

"Ƙafar ce ke son motsi," ta ce.

Ya yi dariya, ya ja ƙofar ya rufe. "Allah ya ba da lada. 'Yar Baffa, alkawarinmu yana nan."

Tafiyar ta yi nisa fiye da yadda take zato. Yaran biyu suna gaba, tun ba su kai titi ba sun shirya suna raba gyaɗa. A ƙofar makaranta ta tsaya har sai da farin hijabin Khairat ya ɓace cikin sauran. Caroline ta wuce asibiti karɓar magani, Nasiha ta biyo ta bakin kasuwa ita kaɗai.

A can ta hango motar Mijinyawa, an ajiye ta gefen rumfar mai gyaran waya. Mutane sun yi layi, kowa da wayarsa a hannu, duk waɗanda aka rufe wa shafi ne. A gaba wata mata ce da 'yarta, yarinyar ba ta fi shekara goma ba, da jan ɗankwali. Ko daga tsallaken titi Nasiha ta ji muryar mai rumfar.

"Ba sa karɓar yara, Hajiya. Sai dai a sa taki."

Matar ta fara faɗin shekararta. Bayansu kaɗan Mijinyawa na tsaye yana jiran layi ya zo kansa. Ya sunkuya ya ɗauko wa yarinyar takalminta da ya zame, ya miƙa mata yana murmushi, ya tambaye ta sunanta.

Yarinyar ta faɗa masa.