Furfurar Hashimu da Baƙin Tabo

Hashimu bai cika shekara ashirin ba furfura ta mamaye masa kai. A Dogarawa ba mai kiransa da sunan yanka. Kan Auduga ake ce masa, a fada inda maza ke zaman hira, a lambun albasa, har a bakin masallaci. Ran da ya je neman auren Tsahara, ƙawayenta suka tambaye ta ko kakanta ne ya zo gaisuwa. Ta aure shi a haka. Ita ta san yadda yake danna hula har kan gira kafin ya fita, ko da rana na ƙuna.

Ita ta fara ganin tabon. Yana alwala ya ɗaga ƙafar hagu, sai ga wani baƙi ƙirin a tafin ƙafa, kamar an ɗiga kwalta. Ya ce ƙaya ce. Tabon ya yi ta faɗi, ya soma tsattsafo da jini cikin takalmi. Da ƙyar ta ja shi gidan likita. Majo, babban malamin jinya na wurin, ya duba da kyau. Sannan ya ce su tafi babban asibiti a yanke wurin tun yana ƙarami, don yana tsoron ciwon daji ne. Hashimu ya yarda. Ƙanensa Muttaƙa, direban motar haya, ya ce zai kai su ran Laraba.

Kafin Laraba wani saƙon murya ya shigo gari. Sufyan mai shayi ya kunna shi a fada. Muryar wani ce da ba wanda ya sani, yana rantsuwa wai masu bincike sun gano furfura garkuwa ce, mai ita ya tsira daga ciwon daji.

Hashimu ya shigo gida da hula a hannu. Tun da Tsahara ta san shi ba ta taɓa ganin ya ratso gari kai a buɗe ba.

"Uwar Sakina, ki ce ma Muttaƙa shi bar motatai. Ba ni zuwa."

"Malam, mi ya faru?"

"Da kin ga fada yau! Kowa na tuɓe hula shina neman hurhura. Sufyan ya samu ƙwara biyu a gemu, kamar ya tsinci zinari. Sunka ce, kai dai Hashimu ka gama tsira."

Yana dariya. Jini kuwa ya ɓata tabarmar da ya taka.

Kashegari ta koma wurin majo ita kaɗai. Ya saurari saƙon a wayarsa, ya yi tsaki. Ya ce binciken akwai shi, amma a jikin ɓeraye aka yi. Akwai ƙwayoyin halitta masu ba gashi baƙinsa. In sun lalace, wasu kan daina aiki su fita, gashi ya yi fari; wasu kan ƙi tsayawa, su yi ta haihuwa har su zama daji. Furfura ba laya ba ce, in ji shi, kuma abin da ke kan mijinta bai san abin da ke ƙafarsa ba.

Ta ɗauko maganar a ka har gida, tana maimaitawa don kada ta zube mata a hanya. Hashimu ya ji har ƙarshe.

"To, ai ya faɗi da bakinai. Nawa sun tsaya."

"Na kai sunka tsaya, Malam. Na ƙafa fa?"

"Ɓera! Da ɓera za a gwada ni?"

"Don Allah, don ɗiyanka."

Hashimu ya yi ƙasa da murya.

"Tun ina yaro ake mani dariya da kan ga. Yau ɗaya Allah ya nuna amfaninai, ke kuma kina son ki amshe."



Ran Laraba Muttaƙa ya tsaya a ƙofar gida, ya yi ta danna oda.

"Yaya, fito! Fasinja na zagina!"

Hashimu ya riga ya bi ta bayan gida ya tafi lambu. Muttaƙa ya dubi Tsahara, ya buga sitiyari, ya ja mota.

Aka yi dashen albasa, aka yi ban ruwa, aka cire. Hashimu na ɗingishi, ƙafa ɗaure da tsumma, kai a buɗe. A fada yanzu shi ake matsa wa wuri. Tsahara na wanke tsumman da safe, tana shanyawa a bayan rumbu inda maƙwabta ba za su gani ba.

Sai da kaluluwa ta fito masa a matsematsi, mai tauri kamar dutse, ya kasa taka ƙafar, sannan ya ce a kira Muttaƙa.

A babban asibiti lokotoro, wato babban likita, ya taɓa kumburin, ya sa aka ɗauki hoton ƙirji. Ya kira Tsahara gefe.

"Yaushe abin ya fara?"

"Tun kafin dashe."

Ya duƙar da kai. Ya ce da a lokacin ne, wuƙa ta isa. Yanzu ko an yanke ƙafar duka ba abin da za ta hana. Ciwon ya kai huhu. Zai ba su maganin rage zafi. Su koma gida, ta ba shi duk abin da ransa ke so ya ci.

Suka kama hanyar gida. Da suka iso Malbaza, Hashimu ya ji ƙamshin nama, ya ce a tsaya. Muttaƙa ya sayo masa balangu. Ya ci yanka biyu, ya miƙa wa Tsahara sauran.

"Mi lokotoro ya ce maki?"

"Ya ce ka ci nama."

Ya dube ta, ya daɗe. Sannan ya juya fuska wajen taga, ya ce wa Muttaƙa su tafi.