Hula Biyu, Mutum Uku

"Ba zan saka ba," in ji Auta.

Yaya yana tsaye a bakin ƙofar ɗakin Inna, yana juya makullin mota a yatsa. Sai ya daina juyawa.

"Me kika ce?"

"Na ce ba zan saka keken ɗinki a akwati ba. Yawon buɗe ido za mu je, ko shagon tela za mu buɗe a can?"

"Ke dai bokon nan ya ɓata ki. Abu kaɗan sai kin kafa wa mutum kotu. Inna ba ta son rabuwa da kekenta, shi ke nan. Ki kwance kan, ki naɗe shi a zane."

"To in keken ya zo ya ce shi ma yana son ganin ganuwa, sai a yanka masa tikiti."

Inna, wadda ke zaune a bakin gado tana gwada sababbin takalmanta, ta ƙyalƙyale da dariya ba tare da ta san abin da ake wa dariyar ba. Yaya ya yi tsaki ya fita.

Auta ta bi akwatunan da kallo. Guda biyu ne, manya, sababbi dal, ko ledarsu ba a gama ɓarewa ba. Tafiyar kuwa ta mako guda ce.

Maganar wannan tafiya ta girmi Auta. Tun tana ƙarama akwai wata kalanda a bangon Inna mai hoton tsohon babban birnin ƙasar: doguwar ganuwa, ƙofa mai baka, da wata gada ta dutse. Shekarar kalandar ta wuce, aka yage watannin, hoton ya zauna. Baba ya yi ta alkawarin zai kai ta, har ya koma ga Mahaliccinsa bai kai ta ba. Auta ma daga wannan hoto ta kamu da son tarihi, har ta zama malamar tarihi a sakandare. Ta koyar da labarin birnin nan aji bayan aji, ta san wanda ya gina kowace ƙofa, amma ƙafarta ba ta taɓa taka shi ba.

Sai ga Yaya rana tsaka ya ce ya yi musu rajista da kamfanin yawon buɗe ido, su uku: shi, da Inna, da ita. Da mota mai sanyi, da otal, da jagora mai yi wa mutane bayani. Ranar Auta har hawaye ta yi. Sai daga baya ta tuna cewa Yaya mutum ne da ko ranar da aka haifa masa ɗan fari bai rufe shagon kayan gyaran motarsa ba. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Inna ta fara mantuwa tun bayan rasuwar Baba. Da farko maɓalli ne da carbi, daga baya sunayen jikoki. Tana zaune a ɗakin baya a gidan Yaya, Auta kuwa tana haya kusa da makarantarsu, sai ranar Asabar take zuwa. Amma maganar birnin nan Inna ba ta manta ta ba ko sau ɗaya. Kullum da safe sai ta tambaya ko motar ta zo.

Da Auta ta fito tsakar gida, ta tarar igiya ta cika da shanya. Anti, matar Yaya, ta wanke kayan Inna kaf, har da bargo da rigunan sanyi, alhali ana tsakiyar zafi.

"Anti, wannan wanki haka? Kamar mai ƙaura."

"Ai gara a tafi da tsabta," in ji Anti. Ba ta ɗago kai ba, sai matsar wani zane take yi wanda ya riga ya bushe.

Da la'asar maƙwabciyar Inna, tsohuwar da suke hira ta kan katanga, ta shigo sallama. Ta riƙe hannun Inna ta ƙi saki, tana ta neman gafara, ido ya yi ja.

"Haba Gwaggo," in ji Auta, "mako guda ne fa. Ko tsarabar ce kike wa kuka tun yanzu?"

Tsohuwar ta dubi Anti, Anti ta dubi bokiti. Biri ya fara kama da mutum, amma Auta ba ta san wane mutum ba.

Washegari aka kira matafiya taron bayani a ofishin kamfanin. Yaya ya ce shi zai je. Auta ta ce to, sannan ta nemi izini a makaranta ta riga shi.

Ofishin yana saman wani shagon taya, ana hawa ta wata siririyar matakala mai warin roba. A ciki fanka na kaɗa hotunan da aka manna a bango, ga ganuwar nan ta kalandar Inna, ga gadar. Mutane sun cika benci: wasu tsofaffin ma'aurata, da 'yan mata uku masu ɗaukar kansu hoto, da wani mai tumbi da ke ta tambaya ko akwai hawan bene da yawa.

Jagoran ɗan siriri ne, muryarsa ta dishe saboda yawan bayani a rana. Ya ce ƙa'idarsa uku ce. Jaka ɗaya ƙarama ga kowa. Takalmi maras tsini, domin duwatsun tsohon gari ba su san girman kowa ba. Sai hula.

Ya ɗaga wata hular rana ruwan ɗorawa, mai tambarin kamfani.

"Ni ba na riƙe suna, jama'a. Kaina ya cika da sunayen sarakunan da suka mutu, babu wurin na masu rai. Hula nake ƙirgawa. A bakin kowace ƙofa zan juya in ƙirga. Wanda ya cire tasa don ta ɓata masa kwalliya, in ya ɓace a kasuwa, sai dai ya auri 'yar garin ya zauna."

Aka yi dariya. Ya fara rabo gida gida. Da ya zo kan Auta, ta faɗi sunan shagon Yaya, ya miƙo mata biyu.

"Mu uku ne."

"Biyu ne, Malama. Ke da yayanki."

"Da mahaifiyarmu."

"Ai Mama ba ta cikin masu yawo." Ya faɗa hankali kwance, yana laluben kwali don na gaba. "Kujerar zuwa kawai aka kama mata. Za mu sauke ta a gidan kula da tsofaffin nan na bakin gari, kafin mu shiga ganuwa. Shi ya sa na yarda da manyan akwatuna, in ba haka ba ni da ɗaukar su?" Sai ya ɗago ya ga fuskarta. Hannunsa ya tsaya a cikin kwalin. "Yayanki ya ce mini kin sani."

"Yanzu na sani," in ji Auta.

A matakala suka haɗu da Yaya, yana hawowa tana sauka. Wurin bai isa mutum biyu su gifta ba. Ya dubi hulunan da ke hannunta, ita ma ta dube su.

"Wacce ce ta Inna, Yaya? Wannan ko wannan?"

"Mu sauka. Ba a nan ba."

Suka tsaya a bayan shagon, tsakanin tulin tsofaffin tayoyi. Yaya bai yi musu ba, abin da ya fi ba ta haushi ke nan.

"Na je na ga wurin da idona. Da tsabta, da likita, da masu kwana da su. Ba juji zan kai ta ba."

"Uwarka ce."

"Uwata ce, shi ya sa na sani! Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ke kina zuwa ran Asabar da ledar lemo, ki yi mata kitso, ki tafi ana sa miki albarka. Kin ga hannun antinki? Kin tambayi abin da ya ƙona shi? Inna ce ta kunna gas ta bar shi, yara suna ɗaki. Sau nawa na rufe shago na bi titi ina tambaya ko an ga wata tsohuwa ba takalmi? Rannan a tashar mota na same ta, wai tana jiran Baba."

Auta ta ga tabon a hannun Anti, kuma gaskiya ba ta tambaya ba.

"To ka gaya mata," ta ce. "Ka zauna a gabanta ka ce, Inna, ga inda zan kai ki."

"Kafin magariba ta manta."

"Ashe ba don ita aka shirya ƙaryar ba. Don ni ce."

"Don ba ta shiga mota sai da ke, shi ya sa." Ya goge fuska da tafin hannu. "Ki riƙe mata hannu ta sauka lafiya. Daga nan ki je ki ga birninki da kike ta koyar wa yaran mutane. Wa ya cutu?"

"Za ta hango ganuwar ta taga, Yaya. Tana sanye da takalmin da ka saya mata. Sannan mu sa hula mu wuce mu bar ta."

"Ban zo neman shawararki ba. Ni ne babba. Jibi da safe ki fito da ita."

"Ba zan fito da ita ba."

Da ya buɗe baki muryarsa ta yi sanyi, ba faɗa a cikinta.

"To ki ɗauke ta. Amma ki ji da kyau: kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Ranar da ta ɓace miki, kar ki kira ni."

Ta miƙa masa hula ɗaya. Ɗayar ta cusa a jakarta, ko da kamfanin zai biyo ta.

Akwatunan nan biyu sun yi amfani, domin a cikinsu aka kwashe kayan Inna zuwa ɗakin Auta, har da kan keken ɗinkin, naɗe a zane. Anti ce ta taya ta ɗaurewa, tana kuka. Yaya bai fito ba. An ce bai bi motar ba shi ma.

Ɗaki ɗaya ne a bene na biyu, da ɗan kicin da banɗaki. Auta ta bar wa Inna gado ta koma tabarma. Ta cire tukunyar gas ta koma girki a ƙasa wajen matar mai gida. Ta sa wa ƙofa sakata ta sama, inda hannun Inna ba ya kai. Da aka ba ta gurbin ƙaro karatu, wanda ta yi shekaru tana nema, ta je da kanta ta ce a ba wani. Wani malamin lissafi da yake rako ta gida ya hau benen sau biyu, ya ga yadda ake ciki, daga nan gaisuwarsa ta koma ta bakin ofis. Sau ɗaya Inna ta sulale mata. Auta ta yi yini tana bin tituna, wayarta a hannu, lambar Yaya a fuskar wayar, ba ta danna ba. A gaban wani shagon labule ta same ta, tana koya wa mai shagon yadda ake kalmasa. Ranar Auta ta san cewa ba duk maganar Yaya ce ƙarya ba.

Kalandar tana rataye a sabon bango. Kullum da safe Inna takan sa takalmanta marasa tsini, ta ɗora hular nan ruwan ɗorawa a kan ɗankwali, ta zauna a bakin gado.

"Auta, motar ta zo?"

"Ta tafi, Inna."

"Ta tafi? Wa ya hana mu?"

"Ni ce."

Tana iya cewa mota ce ta lalace, Inna ba za ta gane ba. Amma ta riga ta ƙi ƙaryar Yaya, ba za ta kafa tata ba. Sai Inna ta juya mata baya.

"Dama ke tun kina ƙarama ba kya son abin alheri. Wancan yaron, ɗan albarka, shi ya so ya kai ni."

Auta takan ce to, ta ɗora ruwan wanka.

Ta rasa yayanta, ta rasa karatunta, birnin ma har yau a hoto take ganinsa. Uwar da ta tsaya dominta kuwa kullum da safe ita take tsine wa, shi take sa wa albarka.