Numfashin Suna Ɗaya

Daren jiya mafarki ya kai ni wata ƙasa inda ciwo ke hawa tsani. Na Inna daga yatsu ya fara, sanyin ƙashin nan da ya lanƙwashe mata hannu shekara bakwai. Na gan shi ƙuru-ƙuru da 'yar jakarsa, ya wuce gwiwa, ya haye ƙirji, ya kama ɗaki a huhu.

Na goya ta zuwa ofishin numfashi. Ruwa na tsiyaya daga ƙasa zuwa sama, kowa ya kifa lema yana tafiya a kai.

Wata akuya mai tabarau ce a tebur.

"Bana masu mutuwa da irin wannan sun ragu," in ji ta.

"Ina suka tafi?"

"Sun koma bara. Can ya fi sarari."

"Ita fa?"

Ta lashi katin Inna. "Kuna ta shafa man zafi a gwiwa, ciwo na sama yana shan iska. Saura mata numfashin kiran suna ɗaya. Wanda ta kira, shi zai ara mata huhu."

Sai ga mu a tsakar gida. Ƙanena Sagir na zaune yana danna waya. Ni ne ɗan fari. Tun da aka haife ni Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba, wai kunya. Ni "kai" ne, ko "wannan". Shi kuwa Sagir da safe, Sagir da yamma, ko moɗa ya miƙo sai an sa masa albarka. Ni ke matsa mata yatsu kullum.

Na ciro huhuna na ɗora a faranti.

"Inna, Habibu. Faɗi kawai. Ba mai ji."

Ta dube ni, ta ja mayafi, ta kau da kai.

"Sagir."

"Na'am. Bari in ƙarasa wannan." Ko ɗagowa bai yi ba.

Akuyar ta leƙo ta katanga. "Sai haƙuri, Malam Wannan. Ba a kira ka ba." Ta hau cin hulata.

Na yi ta kiran sunana da kaina ko zai faɗa bakinta. Yana fita yana bin ruwa sama.

Ƙarar guga a bakin rijiya ta tashe ni. Tarin Inna, sannan guga kuma. Sagir na ta minshari a bakin ƙofa. Na tsallake shi na fita karɓar igiyar daga hannun Inna. Ban taka shi ba. Na dai so.