Na'urar da Barau Ya Matsa a Hammata

Jiya bayan azahar Barau mai kalangu ya kishingiɗa ya yi wani mafarki. Wata uku ke nan da hannunsa na dama ya shanye, ga shi ranar Asabar za a naɗa sabon Sarkin Fawa. Tun zamanin kakansa ba a taɓa wannan naɗi ba sai gidansu ya kaɗa taken mahauta. An ce masa akwai na'urar da ke kiɗa da kanta, kuma da tunaninta barci ya ɗauke shi.

Sai ga shi a wata kasuwa inda ruwan sama ke tashi daga ƙasa yana komawa gajimare. Mutane sun sa lema a ƙarƙashin ƙafafunsu, kowa na harkarsa. A shagon na'urorin kiɗa wani bunsuru ne zaune da tabarau.

"Sannu da aiki, ranka ya daɗe," in ji Barau. "Mai sauƙin sarrafawa nake nema. Hannu ɗaya gare ni."

Bunsurun ya turo ta farko. Maɓallanta sun kai ɗari, kowanne ka danna sai ya tambaye ka sunan unguwarku. Barau bai iya ba.

Ta biyu sai an karanta littafinta, littafin kuwa bunsurun ya cinye shi da safe. Ya ba da haƙuri ƙwarai.

Ta uku 'yar ƙarama ce, maɓalli huɗu manya. Barau ya taɓa da hagu, kiɗa ya zubo daidai wa daida, ba gargada. Har ƙwalla ta zo masa don murna.

Nan take ya ga kansa a mahauta. Mahautan sun jeru shiru, shanu na riƙe musu wuƙaƙe. Barau ya cusa na'urar a hammata ya matsa, yadda ake matsa kalangu ya yi magana. Ba ta ce komai ba. Ya ƙara matsawa har roba ta yi ƙara. Kiɗan dai na tafiya, amma bai kira sunan kowa ba.

Marigayi mahaifinsa ya leƙo daga cikin jerin.

"Barau, wa kake kira?"

"Sarkin Fawa, Baba."

"To, bai ji ba."

Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba a farke.

Ƙarar murfin tukunya da ya faɗi a tsakar gida ce ta tashe shi. Ya tarar ya matse matashin kai a hammatar hagu, da ƙarfinsa kuwa kamar na da. Ya daɗe yana kallon hannun.

"Uwani," ya kira matarsa, "sauko mini da kalangun nan. Ke ki riƙe sanda ki buga, ni zan matsa."

"Ni? Malam, ai ban iya ba."

"Zo dai ki zauna," ya ce. "Asabar da sauran kwana uku."