Dakalin Malam Habibu

"Wa zai shiga ya karɓe shi?" liman ya tambaya a bakin kabarin.

Kafin kowa ya motsa, Mudassir ya tuɓe takalmi ya faɗa ciki, da farar shaddarsa da komai. Alhaji Babaji yana daga baya, ya ji abin ya soke shi. Ɗansa ne fa, ɗansa na cikinsa, yake rungumar gawar maƙwabci yana kuka har majina. Ranar da aka rufe ƙanin Alhajin, wannan yaron ko hawaye bai ɗiga ba.

Malam Habibu tsohon malamin makaranta ne, 'ya'yansa duk mata. Tare da Alhaji suka tare a layin nan na GRA, lokacin daga gidaje sai itatuwan bedi, wato darbejiya. Da layin ya fara tashe, Alhaji ya rushe zaurensa ya fitar da shaguna: mai turare, mai atamfa, sai gidan abinci mai gilashi inda ake cin shawarma cikin sanyin AC. Kowa ma haka ya yi. Malam Habibu kaɗai ya ƙi, ya bar dakalinsa na siminti kamar a Ƙofar Durbi, can cikin tsohon gari.

To, a kan wannan dakalin Mudassir ya girma. Ya dawo makaranta, dakali. Ya dawo aiki, dakali. Alhaji yakan leƙo ta tagar bene ya hango su suna ɓare gyaɗa suna dariya, ya rasa abin da suke faɗa haka da ba ya ƙarewa. Shi kuwa sai "Alhaji, ina kwana" da "Alhaji, a huta lafiya." Hatta yarinyar da yaron zai aura, a bakin Malam Habibu ya fara jin sunanta. Wallahi ya ji haushi, ya kuma haɗiye.

Kwana uku ana zaman makoki, Mudassir ne mai shimfiɗa tabarmi, shi ake miƙa wa hannu. Wani baƙo ma ya tambayi Alhaji, "Wancan ne babban ɗan mamacin?"

"Ɗana ne," ya ce, da ƙarfin da ya sa mutane suka waiwayo.

Da aka watse, Alhaji ya ce a ransa, Allah ya jiƙan Habibu, amma yanzu dai yaro ya dawo gida. Bayan la'asar ya sauko da darduma, abin da ya shekara bai yi ba. Ya duba ƙofar gidansa: motoci sun cushe, hanci da gindi, janareta na ruri, 'yan mata na ɗaukar hoto da kofunan askirim. Ko inda zai ajiye buta babu.

Can ya hango Mudassir a kan dakalin, shi kaɗai. Ya tsallaka, ya yi sallama, ya zauna a gefen da ke jikin bango.

"Mudassir, mi kuke ta faɗi ne kullum, kai da shi?"

"Ba komai, Alhaji. Hira ce kawai."

Yaron ya sunkuyar da kai, sannan cikin ladabi ya ce, "Alhaji, don Allah ɗan matso nan. Inda ka zauna wurin Baba ne."

Alhaji Babaji ya tattara babbar rigarsa ya matsa. Suka zauna da gurbin mutum ɗaya a gefensu, fitilun shagunan suna kamawa ɗaya bayan ɗaya.