Ƙudan Zuman Armand

Abu ɗaya Madam Huguette ta ce a yi wa jitar mijinta: a manne ɗan katakon da ke riƙe tsirkiyoyi, shi ke nan. To amma Solange Thiriet, mai gyaran kayan kiɗa a garin Mirecourt na ƙasar Faransa, ba ta iya ganin aibi ta kau da kai. Wannan halin nata ne ya ja mata.

Jitar ƙarama ce mai siririn ƙugu, irin waɗanda ake kaɗawa a falo shekara ɗari da suka wuce, ba ta fi burodi biyu nauyi ba. Da Solange ta taɓa tsirkiya ta uku sai ta ji wata 'yar ziza kamar kukan ƙudan zuma daga ciki. Ta zura madubi ta ramin da ke fuskar jitar, ta ga wani siririn katako ya saki. Ta dafa gam ɗin fata ta manne shi, murya ta fito tas. Har yaba wa kanta ta yi.

Ran da za a zo karɓa, tana goge akwatin jitar da safe, ta tsinci takarda da rubutun marigayi Armand, mijin Madam Huguette: "Duk mai gyara, kada ya taɓa min ƙudan zumana."

Ashe zizar nan ba ciwo ba ce a wurinsu. Ta karanta har sau uku, kofinta ya huce ba ta kurɓa ba. Ta faɗa ne, ko ta yi shiru? Madam Huguette tsohuwa ce, wataƙila kunnenta ya yi nauyi. Kunya ta kama ta da ta ji tana fatan haka.

Ƙarfe goma ƙararrawar ƙofa ta kaɗa.

"'Yata, me ya same ki? Kin yi fari kamar cuku," in ji Madam Huguette tana cire safar hannu.

"Sanyi ne, Madam."

Tsohuwa ta zauna, ta ɗora jitar a cinya. Kiɗa ɗaya ta iya, wanda Armand ya koya mata. Ta kai tsirkiya ta uku, ta tsaya. Ta sake taɓawa, ta kara kunne a jikin katakon.

"Ina ƙudan zuman ya tafi?"

"Ni ce, Madam. Na manne shi. Sai yau na ga takardar."

"Shekara arba'in ina yi masa tsiya, ina cewa ya kai ta gyara," in ji tsohuwa a hankali. "Tun da ya rasu, wannan zizar kaɗai nake zama in saurara."

Solange ta ɗora buta a wuta. Gam ɗin fata yana sakin abin da ya riƙe in ya ji tururi, amma ba wanda ya san daidai inda katakon zai tsaya. Ta sassauta tsirkiyoyi, ta zura siririyar wuƙa mai ɗumi, tana kwance aikin da ya fi kowanne kyau a wannan shekarar. In ta ƙara kaɗan, fuskar jitar za ta tsage.

Sai bayan awa biyu ta miƙa mata. Tsohuwa ta taɓa tsirkiya ta uku. Ziza ta fito, siririya.

Ta daɗe tana saurare.

"Ba shi ba ne," in ji ta. Ta sake taɓawa, ta share ido da bayan hannu. "Amma bar shi haka, 'yata. Kada ki ƙara taɓawa."