Shirun Tabawa

Shekarar da ta biyo bayan babban fari, matan Gidan Jima duk suka koma ɗaukar dutse. Furoje, wato aikin raya karkara, ya zo ƙasar Keita, ana jera duwatsu a gangaren tsauni don a tare ruwa, ana sallamar mata da hatsi da mai. Maza kuwa sun bazama Abijan da Legas tun kaka. Tabawa ce kaɗai ba ta hawa tsaunin, don gwiwarta ta hagu ta daɗe da yi mata tawaye. Sai aka tara mata yaran da suka wuce goyo amma ba su isa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba, aka ce ta ji da su.

Cikin ƙorama take kai su. Can ne inuwa ta rage, ga yashi mai laushi wanda ba ya fasa goshi. Tsohuwar kuma ta iya abin, a faɗi gaskiya. Ta nuna musu sawun kurciya da na zabo, da inda maciji ya ja ciki. Ta koya musu juya dutse da kara saboda kunama, da cewa nonon tumfafiya yana lalata ido, anza kuma, ƴar itacen nan mai ɗaci, ba a kai ta baki sai ta sha jiƙo. Babbar dokarta ɗaya ce: in ka ga abin da ba ka sani ba, kada ka gudu, kada ka taɓa, ka tsaya cik ka kira Kaka. Duk cikinsu ba mai riƙe dokar nan kamar jikarta Cima, ƴar ɗiyarta Mairamu, yarinya mai tambayar tsiya wadda Tabawa take ji da ita har cikin ranta.

Abu ɗaya ne ba ta koya musu ba. Yaran nan cikin fari suka yi wayo, ba wanda ya taɓa ganin ƙoramar da ɗigon ruwa. A wurinsu fili ne na wasa da Allah ya shimfiɗa musu. Tabawa ta san ruwa ne ya shimfiɗa yashin, ta san yadda yake zuwa ba sallama, amma ta ja bakinta.

Dalili kuwa, bara hadari ya haɗu a gabas baƙi ƙirin, ita ce ta fara fitowa ta nuna shi da yatsa, tana kiran maƙwabta su kwashe shanya. Iska ta taso ta watsar da shi, gero ya ƙone a tsaye. Mutane sun rasa wanda za su kama, sama ta yi musu nisa, Tabawa kuwa ga ta nan kusa. Aka ce bakinta ne. Maigari Surajo ya sa aka faɗa cewa bana kada wanda ya nuna hadari ko ya ambaci sunansa sai ya zuba. Har yau akwai matan da in sun haɗu da ita a rijiya sai su kau da kai. Abin yana cin ta, ta kuma rantse ba za a sake ji daga gare ta ba.

Ran nan, washegarin roƙon ruwa, rana tana dukan ƙorama ba ko gizagizai. Amma can arewa, bisa tsaunukan da ƙoramar take gangarowa, sama ta yi duhu tun hantsi. Tabawa ta kalli hadarin ta wutsiyar ido, ta sunkuyar da kai.

Cima ta zo ta ja mata zane. "Kaka, dibi, tururuwa na ƙaura da ƙwainsu. Ina za su?"

"Bisa."

"Dommi?"

"Ki bar su, ɗiyata. Tahi wasa."

In Tabawa ta kwashe yara yanzu, kafin lokacin da ta saba, matan da ke kan gangare za su hango, kowa zai gane abin da take nufi. In kuma hadarin ya watse, ba ta da sauran zama a garin. Sai ta ce bari ta yi dabara. Ta miƙe da sandarta, ta ce wa yaran su hau gaɓa a nemi ƙaro a jikin ƙaya. Waɗansu suka bi ta, waɗansu suka yi kunnen ƙashi. Cima kuwa ta riga ta yi tsakiyar ƙorama, gindin wata tsohuwar aduwa, tana gina rumbun yashi.

Tabawa ta ce a ranta, kaɗan ya rage inuwa ta juya, sai in tara su kamar kullum.

Tsuntsaye suka yi tsit. Wata iska mai sanyi ta biyo cikin ƙoramar, ɗauke da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sannan ta ji ƙugi, kamar kamyo, babbar motar kaya, yana tafe daga nesa, alhali ba hanyar mota ta wannan gefen.

Nan rantsuwa ta ƙare. "Ruwa! Ku hau bisa!"

Yaran suka ɗaga kai suna duban sama, wasu har da tara tafin hannu, don iyakar saninsu ke nan da ruwa. Tabawa ta faɗa cikinsu da sanda, ita da ba ta taɓa dukan ɗan kowa ba. Ta tunkuɗa wannan, ta ja wancan, ta wurga ƙaramin cikinsu, Iro, bisa gaɓa kamar damin kara. Suka hau suna kuka.

Da ta waiwaya, ruwan ya ɓullo daga kwana. Ja ne, mai kauri kamar kunu, yana turo kumfa da itace da kashin awaki a gabansa. Cima tana tsaye cik a gindin aduwa, hannuwa a gefe, ba ta gudu ba, ba ta taɓa ba.

"Kaka, taho ki gani," in ji ta.

Tabawa ba ta san yadda gwiwar ta kai ta ba. Kafin ta isa ruwa ya kai mata ƙwauri, ya ɗauke sandar. Komawa ba ta yiwuwa. Ta ɗaga yarinyar ta cusa ta a tsakanin rassa, ƙaya tana yagar su duka biyu, ta cire ɗankwalinta ta ɗaure ƙugun Cima da reshe, ta ƙulle tam. Ita kuwa ba ƙafar hawa. Ta rungume gindin itacen, ruwa a cinya, sai ga shi a ciki, yashi yana zarewa daga ƙarƙashin tafin ƙafarta.

Daga gangaren tsauni ta jiyo guɗa. Mata sun hango ƙorama ta kawo, murna ake yi, wataƙila har da muryar Mairamu a ciki. Ita kuwa ta san hannuwanta ba za su jira matan su sauko ba.

"Kaka, ina jin tsoro."

"Riƙe reshe da kyau. Innakki na nan tahe." Ta ja numfashi, wani kututture ya daki bayanta. "Cima, ki dibi bisa. Komi kika ji, kak ki dibi ƙasa sai an kira sunanki."

Yarinyar ta ɗaga kai ta kafa wa sama ido, ba ta kuwa sauke ba.